Mangala Sittin a Gonar Jingina

Ba zan taɓa mantawa da abin da Alhaji Mamuda ya yi min ba, ko da tsufa ya sa na manta sunan 'ya'yana. Mutumin nan yana zaune a kan dakalinsa ya zuba min ido rani guda ina kai takina gonar da ya san shi zai noma. Duk wucewar da zan yi sai ya ɗaga hannu ya ce, "Sannu da aiki, ɗana." Nasa laifin ke nan. Nawa ya fi tsawo, shi zan ba ku.

Ƙauyenmu yana tsakanin Ɗanbatta da Kunci, inda gona ke manne da gona, ba fegin da ba shi da mai shi. Babanmu ya bar mana gona ɗaya a bayan gida, mai tsamiya a tsakiya. Kafin ya rasu ciwo ya ci ƙarfinsa, ya jinginar da ita ga Alhaji Mamuda a kan naira ɗari tara. Aminai ne tun suna yara, shi ya sa shi ma Baba nake ce masa. Jingina kuwa kowa ya san ta: mai kuɗi zai riƙa noma gonar yana cin amfaninta har ranar da aka mayar masa da kuɗinsa. Ba ruwa a kai, ba wa'adi.

Na ce kowa ya san ta, amma ban da ni. Shekara goma sha ɗaya ina Kano ina aiki a masaƙa. A shekarun nan da komai ya tsaya, kwanon gero ya fi ƙarfin talaka, aka sallame mu. Na dawo gida da matata Ladidi da yara huɗu da naira ɗari shida na sallama, da kuma wani abu da ya fi su nauyi, wato ganin cewa ni ɗan birni ne. (Aji biyar na yi a firamare. Ilimi ne da ya isa ya sa mutum raina shawara, bai isa ya hana shi faɗawa rami ba.)

A masaƙa na taɓa jin akawunmu yana cewa mai hankali ba ya jiran bashi ya cika, rage shi yake tun da wuri, abin da ya biya ya zama nasa. Maganar bashin banki yake, na gidan da ya saya. Ni kuwa na ɗauko ta ɗungurungum na kawo ƙauye.

Ladidi ta ce, "Malam, ɗari shida ba ɗari tara ba ce. Ka sayi tumaki mu tsare. Kuɗin Alhaji ba ya haihuwa, tunkiya kuwa tana haihuwa. In sun cika ka kai masa gaba ɗaya."

Na ce, "Ke me kika sani a harkar lissafi?"

Ta ce, "Ban sani ba." Ta ci gaba da tankaɗenta.

Na ɗauki ɗari shidan nan cas na kai wa Alhaji. Ya ƙirga sau biyu, ya sa min albarka, ya ce babana ya haifu. Na ce a ba ni rasit. Ya yi murmushi ya yago takarda ya rubuta da ajami cewa ya karɓi ɗari shida, saura ɗari uku. Ban ce masa komai game da gona ba, shi ma bai ce ba. A kan hanyar gida na gama lissafina: na biya kashi biyu cikin uku, ke nan daga tsamiya zuwa gabas, har da ɗan abin da ya ɗara, nawa ne. Yamma ta Alhaji ce kafin in cika.

Gona a wajenmu ba ta hutawa, taki ne ranta. Na kwashe na turken awakin da babanmu ya bari, na haɗa da toka da sharar gida ta shekara biyu. Da bai isa ba na sayar da rediyona da agogona na sayi na shanu a rugar Fulani. Na ari jaki a wajen surukina, Kawu Ila, baban Ladidi. Mangala sittin na kai, na zuba tsibi-tsibi a gabashin tsamiya. Hanyar kuwa ta ƙofar gidan Alhaji ta bi. Sittin ɗin nan kowacce da gaisuwarta.

Za ku ce ba wanda ya yi min magana? Babu. Daga baya na ji dalili: gari duka ya ɗauka ƙodago nake wa Alhaji, tunda an kore ni daga aiki, sai suka riƙa kau da kai don kada in ji kunya. Ladidi ce kaɗai ta tambaya, "Kun dai yi magana da Alhaji ko?" Na buga aljihu na ce takarda ta yi magana.

Ranar da ruwan shuka ya sauka, da sassafe na saɓa sungumi, Ladidi da yara suna biye da ƙoƙon iri. Har Kawu Ila na gayyato ya zo ya sa albarka, ya sako babbar riga. Muna zagayowa bayan gida na hangi mutane takwas a gonar. Sun riga sun baza takina, biyu suna sara, sauran suna bi suna jefa iri suna rufewa da diddige. Sun wuce tsamiya da nisa. Alhaji yana tsaye a inuwa da carbinsa.

Na ce, "Baba, an yi kuskure. Nan ɓangarena ne."

Ya ce, "Wane ɓangare, ɗana?"

Na zaro takarda. Muryata ta tashi, masu shuka a gonakin maƙwabta suka yar da sungumi suka taho. Kan ka ce kwabo an cika, har da mai unguwa, da shi ma gonarsa tana kusa. Na tsaya a gaban jama'a na yi musu bayanin kashi biyu cikin uku, ina zana layi a ƙasa da tsinke kamar malamin makaranta. (Har yau in na tuna tsinken nan sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.)

Mai unguwa ya bari na gama. Ya ce, "Ka cika ɗari tara?"

Na ce saura uku.

Ya ce, "To ai jingina ba a fansarta gutsure-gutsure. Ko sisi ne ya rage, gona tana hannun mai kuɗi, duk da tsamiyarta. Alhaji, kai ka sa shi kai taki?"

Alhaji ya ce, "Ni ban sa shi ba. Na ga yaro yana aikin alheri, na ce ko don zumuncina da mahaifinsa ne. Zan hana shi lada?"

Wani daga baya ya ce, "Ashe sadaka ce." Aka yi dariya, ba mai yawa ba, irin wadda ake ƙoƙarin haɗiyewa, wadda ta fi ciwo. Kawu Ila bai yi ba. Ya naɗe hannun rigarsa ya ce wa 'yarsa, "Ɗauki irin ku tafi gida." Ni ko kallona bai yi ba. Tun daga ranar sunana ya koma Mai Takin Sadaka, har yaran da aka haifa bayan abin sun san shi.

A daminar nan na yi ƙodagon da ake zargina da shi, na gaske. Geron Alhaji kuwa a gabashin tsamiya ya fi mutum tsawo, daga tsakar gidana nake ganin kansa ta saman danga. Na kuma ji cewa da ɗari shidana ya sayi tumaki. Da kaka ya aiko min da dami biyu, wai zakka. Na ce a mayar. Ladidi ta ce, "Yara ba su ci girman kai ba jiya, yau ma ba za su ci ba." Ta sussuke. Na ci tuwon, kuma ya yi daɗi, abin da ya fi ɓata min rai ke nan.

Sai da aka ƙara shekara biyu kafin ɗari ukun ta haɗu. Ba ni na haɗa ba. Tunkiya ɗaya Ladidi ta saya da kuɗin ƙuli-ƙulinta, ta haifi tagwaye sau biyu. Ba ta taɓa ce min "na faɗa maka" ba, ta dai sa wa tunkiyar suna Lissafi.

Abin da na koya bai da yawa. Kafin ka yi gaggawar sauke bashi, tambayi abin da biyan zai saya maka. In ba zai ba ka ko kunya ɗaya ta gona ba, riƙe abinka ya yi maka kiwo. In kuma ka ga mai bin ka bashi yana yawan yi maka sannu, sauke mangalar ka zauna ka yi tunani.

Bayan an gama girbi na kai kuɗin, da mai unguwa da liman a matsayin shaidu. Alhaji ya ƙirga sau biyu, ya ce gona ta koma hannun mai ita, ya ƙara da cewa, "Sai a yafi juna, ɗana, zaman tare ne."

Na ce, "Baba, geron da ka ci halak ɗinka ne, hukunci ya ba ka. Takin kuma wautata ce, na yafe. Amma ka ci tuwo a akushi ɗaya da ubana, kalma ɗaya ta ishe ka ka tsayar da ni tun a mangalar farko. Sannu da aikin nan guda sittin, su ne ban yafe ba. Ka riƙe su jingina. Ranar da muka haɗu da ubana a lahira, sai ka fanshe su a gabansa, gaba ɗaya, don ka san ba a karɓar gutsure."