Ranar da Janar Tibbetts Ya Haɗa Kan Garinmu

Duk garin da ba shi da mutum irin Orville Tibbetts abin tausayi ne. Mu dai a Alder Notch Allah ya yi mana gata. Shekara da shekaru yana gadinmu da bindiga a ƙugu, kuma ba a taɓa kawo mana hari ba. Kafin ya fara gadin ma ba a taɓa ba, amma wannan zancen mahassada ne.

Janar muke ce masa, ko da yake ƙusa da fenti yake sayarwa, bai kuma taɓa leƙa bariki ba. Kusan kowane gida a garin akwai bindigar farautar barewa, tana kulle sai lokacinta ya yi. Ta Janar kuwa ba ta san hutu ba. Da ita yake zuwa sayen burodi, da ita yake yankan ciyawar ƙofar gida, da ita ya raka 'yarsa gaban fasto ranar aurenta, ango sai gumi yake.

Ga shi da baiwar gane maƙiyin ƙasa tun daga nesa. Wendell mai aski ya kafa allon ɗan takarar da Janar ba ya so, sai Janar ya koma yi wa kansa aski, ƙeyarsa ce shaida. Mai gidan abinci ta roƙe shi ya riƙa barin bindigar a mota don tana karce mata kujeru, ya ce an taka tsarin mulki. Fasto ya yi wa jam'iyyu biyu addu'a tare, Janar ya sauya coci. 'Yan jam'iyyarsa ma bai bar su ba, ya ce duk matsorata ne.

Da taron gari na shekara ya matso, Janar ya shelanta ƙudirinsa: dole kowane magidanci ya rataya bindiga in zai fita. Ya kuma rantse a gaban shagonsa cewa in aka ƙi, zai sayar da komai ya yi ƙaura zuwa jihar Texas, aljannar masu bindiga, mu ga yadda za mu kwana.

Ran taron muka cika zauren makaranta, kowa da ƙanƙara a takalmi. Kamar kullum, muka yi faɗa kan haraji, muka yi kan littattafan yara, muka yi kan tuta. Sannan Janar ya miƙe, ya gyara ɗamara.

"Jama'a, kuna ta minshari, ni kaɗai ne idona biyu! Yau su ce a bar bindiga a mota, gobe su zo ƙwace cokali! In ba don ni ba, da tuni an yi gwanjon garin nan!"

Madam Gagnon, mai jagorantar taron, ta leƙo shi ta saman tabarau. "Orville, ka san ƙa'ida. Ba a tattauna ƙudiri sai an sami mai mara masa baya. Akwai?"

Wendell ya hau duban faratansa. Fasto ya ƙura wa rufi ido. Janar ya waiwaya wajen matarsa, tana zaune tana saƙar hula.

"Lorna!"

"Kada ka rikita min saƙa, Orville."

Ƙudiri ya mutu ko numfashi bai yi ba.

"Shi ke nan! Texas ta yi sabon ɗa!" in ji Janar. Ya nufi ƙofa a hankali, yana jan ƙafa, don masu roƙo su sami damar cim masa. Gaskiya a nan na ji tausayinsa, don har tsayawa ya yi yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

Sai Wendell ya ɗaga hannu. "Shugaba, ina da ƙudiri. A ara wa Janar babbar motar gari ya kwashe kaya, kuɗin mai kuma a wuyanmu."

"Akwai mai mara baya?"

Hannuwa suka tashi ko'ina. Masu bindiga da masu ƙinta, 'yan wannan jam'iyya da 'yan waccan, mutanen da ko gaisawa ba sa yi. Tunda nake a garin ban taɓa ganin mun yarda da juna kan abu guda ba sai ran nan, kuma wannan alheri Janar ne ya yi mana shi.

Hannun da ya riga na kowa tashi kuwa, da kwarashin saƙa a cikinsa.

"Shugaba," in ji Lorna, "kada a wahalar da babbar mota. Kayan mutum ɗaya ne."