Ranar da Na Ɓace a Zauren Majalisa

Har in tsufa ba zan taɓa mantawa ba da ranar da ƙungiyarmu ta 'yan mata ta kai ziyara majalisar dokoki a Gusau. Mu ashirin ne daga ƙauyenmu da ke bayan Bungudu, kuma ba kallo kawai ya kai mu ba. Akwai wani rafi tsakaninmu da makaranta, da zarar damina ta kankama sai ya cika, mu zauna gida har ya janye. Takardar roƙon kwalbati muka rubuta, ni aka zaɓa in karanta saboda ƙarfin murya (a gida kam wannan muryar faɗa kawai take jawo mini).

Da safe ina ɗaura ɗankwali Inna ta ja ni gefe ta ce, "Ke ɗiyar nan, wurin manya za ki. In kinka shiga ki tuɓe takalmi, kuma kar ki kuskura ki yi musu magana tsaye kamar soja. Ki durƙusa."

Ni dama mutum ce mai tafiya da rabin hankali, rabin yana wata duniyar. Tun a mota na fara. Gonakin gero na wucewa ta taga, ni kuwa ina ganin kaina na zama shugabar majalisa, ina buga guduma, kwalbatoci na tsirowa a kowane rafi har Tsafe.

Da muka isa na zare takalmana a bakin ƙofa. Malama Rabi, mai kula da ƙungiyarmu, tana gaba, ba ta gani ba. Ƙafata ta nutse a kafet mai laushi, sanyi na sauka daga sama ba a ganin inda yake fitowa, fitilu birjik da rana tsaka. Wallahi na ji kamar in nemi tabarma in tare a wurin.

Bayan an yi mana maraba, shugaban majalisa ya ce a ba wakiliyarmu dama. Aka nuna mini wani dogon teburin katako mai makirufo a samansa. Na taka a hankali, na zagaya bayansa, na tuna maganar Inna, na durƙusa har ƙasa.

Teburin ya kusa kai ni tsawo ko a tsaye, balle a durƙushe. Na sunkuyar da kai, na sassauta murya don ladabi, na fara karatu. Zauren ya yi tsit. Na ce a raina, shi ke nan, na kama su. Ina karantawa ina hango manyan mutane na share hawaye da hannun babbar riga. Na hango kwalbatin an gama shi, an shafa masa farin fenti, ga sunana a jiki, ga 'yan mata na wucewa a kai da littattafai ruwa na gudu a ƙarƙashinsu. Har na ga Inna tana rabon goro.

Ina sakin layi na uku sai muryar shugaban majalisa ta cika zauren ta lasifika: "Jama'a, wai ina yarinyar nan ta shiga?"

Ashe tun da na durƙusa babu wanda ya sake ganina, babu wanda ya ji ko kalma ɗaya. Shirun da na ɗauka na tausayi ne, jira ake in fito. Wani daga kujerun gefe ya leƙo ya ce, "Ranka ya daɗe, ga ta nan ƙasa, ƙafafunta na gani da lalle." Dariya ta ɓarke, har da ƙawayena (su ne ma suka fi kowa). Na ji kunya ta rufe ni, ga tsoro, don na san na kashe mana kwalbati.

Wata ma'aikaciyar majalisa, Hajiya mai farin gilashi, ta zo ta kama hannuna ta ce a hankali, "Tashi ɗiyata. Tarbiyyarki ta yi kyau, amma nan in ba ki miƙe ba, ba a jin ki." Ta lanƙwaso makirufon daidai bakina. Na sake farawa, babu takalmi, babu mafarki, sai rafin nan da ranakun makarantar da ya cinye mana. Wannan karon da aka yi shiru sai da na ɗaga kai na tabbatar. Saurare ake.

Sai bayan damina biyu aka yi kwalbatin. Ba farin fenti, ba sunana. Amma mutanen ƙauyenmu sun raɗa masa nasu, Kwalbatin Durƙuso, kuma har yau direbobi da shi suke kwatance. Ina durƙusa wa manya kamar yadda Inna ta koya mini, ban fasa ba. Sai dai yanzu kafin gwiwata ta taɓa ƙasa, nakan duba inda makirufo yake.