Ranar Da Na Kai Gwamna Jingina

Laifin rediyo ne. A nan na ji wai a Turai mutum kan kai zane banki a ba shi rance. Na ɗaga kai na dubi bangon ɗakina a Nasarawa, inda zanen wani gwamnan soja yake rataye, aikin hannu, lambobin kafaɗarsa har ƙyalli suke. Nan take na yi wa matata Ladi alkawarin keken ɗinki.

Abin da ban yi la'akari da shi ba, sati biyu ke nan da rantsar da gwamnatin farar hula.

Na ɗora Gwamna a acaɓa har Makera, shagon Alhaji Sabo mai karɓar jingina. Na gyara murya a gaban jama'a, na yi bayanin yadda Turawa ke yi.

Alhaji ya daɗe yana shafa gefen hoton. Na ce a raina, ya kamu.

Ya ce, "Malam, katakon nan maɗaci ne?"

"Alhaji, mutumin za ka duba."

"Mutumin ai ya sauka. Firam da gilashi zan karɓa. Shi kuwa tafi da abinka, kada a ce ina kewar soja."

Babban abin kunyar, na yarda. Na dawo da Gwamna nannaɗe a hammata, da kuɗin da ko ƙafar keke ba za su saya ba. Ladi ta shimfiɗa shi a tsakar gida, ta baza kuɓewa a kai.

Har yau in na bi ta tasha, 'yan acaɓa sai su ƙame su sara mini: "Yallaɓai, a gaida Gwamna! Kuɓewar ta bushe?"