Ranar da Na Dirji Ƙwaƙwalwar Hajiya Bilkisu

Ba zan taɓa mantawa da dawowar Hajiya Bilkisu daga Ingila ba, wajen ƙarshen shekarun tamanin. Ita ce akantar masaƙarmu a Sharada, ni kuma ina kilinik ɗin ma'aikata, ina wanke hoton ƙirji. (Masu saƙa likita suke ce mini, ban kuma taɓa hana su ba.)

Hajiya ta daɗe tana fama: yau ƙafa ta mutu, gobe ido ya dushe, ta samu sauƙi, abin ya dawo. Ƙaninta ya kai ta can, aka ce cuta ce mai cin rufin jijiyoyi, wai ita MS. Ta yarda aka sa ta cikin masu gwajin wani sabon magani. Lokaci-lokaci sai a tura ta cikin na'ura mai maganaɗisu, a ɗauki hoton ƙwaƙwalwarta, a ga ko maganin yana aiki.

Muka cika ofishinta muna yi mata sannu da zuwa, har da manaja. Ta fito da hotunan, sai wani ya ce, "A ba likita ya duba."

Na karɓa, na ɗaga wajen taga, na gyara tabarau. Sai na ga ɗigo-ɗigo farare. Na girgiza kai.

"Hajiya, sun cuce ku. Ba su wanke fim ɗin da kyau ba."

Na sa hannun riga ina dirza. Har da yawu, Allah ya yafe mini.

Ta bari sai da na gaji, sannan ta ce, "Malam, ɗigon nan su ne ciwon, su likitocin ke bibiya. Da gogewa tana fitar da su, ai da ban bar Kano ba."

Manaja ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa don dariya. Ita ce ma ta cece ni: ta ce in zauna, ta juya hoton (ashe a kife na riƙe shi), ta nuna mini tsohon tabo da sabo. Na tambaye ta ko maganin ya yi mata. Ta ce ita kanta ba ta san ko na gasken aka ba ta ko na wofi ba, haka tsarin gwajin yake.

"To, me ya sa kuka yarda?"

"Ko ban samu ba, wata za ta samu a bayana."

Ta jingine sandarta, ta koma kan aikinta. Tun daga ranar, in aka miƙo mini abin da ban sani ba, da tambaya nake farawa, hannuwana a aljihu.