Ekselans Da Akuyar Furoje

Duk wanda bai san Mushe Abdurrazak ba, wato Mista a bakin masu Faransanci, bai san Dakoro ba, ko kuwa baƙo ne da ya sauko jiya daga motar Maraɗi. Shi ne mutumin nan da ke ratsa kasuwa da jaka a hammata, yana taka ƙasa sannu-sannu kamar alfarma yake yi mata. Allah ya yi wa garinmu baiwa iri-iri, ga gero, ga wake, ga kara cike da dabbobi ranar kasuwa, amma babu wadda ta kai wannan bawan Allah. Shi da bakinsa ya sha gaya mana haka, kuma mai digirin lisans ai ba ya ƙarya.

'Yan fadar shayi ta ƙofar tela su suka laƙaba masa suna Ekselans, wato Mai Girma. Don tsiya suka laƙaba, shi kuwa ya karɓa hannu biyu, har ta kai in ka kira shi Abdu sai ya waiga ya ga ko da wani kake. Shekara huɗu ke nan da dawowarsa daga jami'a a Yamai, kuma saboda tsabar tausayin talakawa, a shekara huɗun nan bai ƙwace wa kowa aiki ba. Kujerar da ta yi daidai da shi yake jira, masassaƙa kuwa har yau ba su gama ta ba.

Kafin su gama, uwarsa Inna Aisata ce ke riƙe da shi. Ita ke soya gyaɗa, ta kai inji, ta juya tunkuza a turmi har mai ya fito, ta murza ƙuli-ƙuli, duk da kafaɗar daman da ta daina ɗaguwa sosai tun bara. Daga wannan kafaɗa tuwon Ekselans ke fitowa, da sabulun wankinsa, da man goge takalminsa. Likita ya ce mata in tana son hannun ta bar turmi. Ta ce to, ranar da Abdu ya sami aiki za ta bari.

Mijinta, marigayi Mamani, dillali ne a kara, irin dillalan da makiyaya ke sauka gidansu. Buzaye da Fulani su taso tun daga Azagor, su miƙa masa igiyar dabbobinsu su koma inuwa su kwanta, don sun san ba zai cuce su ba. A gindinsa Abdurrazak ya tashi. Yana shekara goma yake buɗe bakin akuya ya faɗi shekarunta, ya shafa cikin rago ya ce wannan ba ƙiba ba ce, ruwa aka ɗura masa. Abin da ya iya ke nan tak a duniya, kuma babu abin da yake jin kunya kamarsa.

Ana nan sai wani furoje, irin shirin nan na tallafi, ya buɗe biro, wato ofis, a garin. Aikinsa habbanaye, wato a sayi akuya a ba macen da fari ya cinye wa dabbobi, in ta haihu ta riƙe 'ya'yan, ta miƙa uwar ga wata. Suna neman mutum guda mai takardar makaranta wanda kuma ya san dabba, don kada 'yan kara su riƙa ɗora musu tsofaffi da marasa lafiya. Ekselans ya karanta sanarwar har inda aka ce mai takarda, daga nan ya ga an gama magana. Ya kai dosiyensa, wato takardun neman aiki. Aka kira shi ganawa, wadda shi ba ya kiranta sai antaratiyan, aka ba shi kwana goma.

Kwana goman nan unguwa ba ta huta ba.

"Bon," in ji shi a fada, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, "ku ba za ku gane ba. Ba a hwahe gora ranar tahiya. Antaratiyan, minti na hwarko shi ne komi. Ka shiga, ka dubi mai tambaya tsakar ido, ka nuna mishi shi ke da bukatarka. Donk ni ba neman aiki za ni ba. Za ni in duba ko sun cancanta."

'Yan fada suka ce ƙwarai kuwa, Ekselans, suka miƙa masa shayi na uku, wanda ruwa ya fi yawa.

Ya aro baƙar kwat wajen wani angon bara, ana tsakiyar bazara, lokacin da ko kadangare ba ya tsayawa a rana. Hannun kwat ɗin bai kai wuyan hannunsa ba, amma ya ce haka ake yayi a Yamai. Karabat kuwa, wato nakatayin wuya, duk unguwar babu wanda ya iya ɗaurawa, sai da ya taka har gidan wani tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, aka ƙulla masa sau ɗaya. Tun daga ranar bai yarda an kwance ba. Yakan zura kai ya fitar, ya rataye ta a ƙusa kamar igiyar tunkiya. Ya sayi tabarau fari wanda babu magani a cikinsa, ya kwana biyu yana koyon cire shi a tsakiyar magana yana cizon ƙafar tabarau ɗin, don ya ga manya na yin haka.

Sai kuma jawabi. Kullum da hantsi zai tsaya gaban madubi ya gaishe da kansa da Faransanci, ya ba kansa kujera, ya yi wa kansa tambaya, ya amsa, ya kuma jinjina wa amsar. A duk ganawar da aka yi a ɗakin nan, ba a taɓa kayar da shi ba.

Abu biyu ne suka dame shi, ya kuwa magance su. Na farko awakin Inna guda biyu da ke ɗaure kusa da ƙofar ɗakinsa. Ya sa aka kai su gidan maƙwabta har sai an gama, kada warinsu ya shiga kwat. Inna ce ke ɗaukar musu dusa da ruwa can safe da yamma, da kafaɗar nan dai. Na biyu shi ne marigayi. In aka tambaye shi sana'ar uba fa? Ya yi kwana uku yana wannan nazari, har Allah ya buɗa masa. Mamani, wanda ya mutu da igiya a kafaɗa da ƙurar kara a gemu, ya wayi gari a kabarinsa ya zama operater ekonomik, wato hamshaƙin ɗan kasuwa.

Ranar ganawa Inna Aisata ta tsaya a bakin zaure tana kallonsa, gumi ya riga ya keto masa ta ƙarƙashin karabat. Farin ciki ya cika ta, tsoro ma ya cika ta, don ta san ɗanta.

"Abdu," ta ce, "in sun tambaye ka, ka ce musu kai ɗan Mamani ne. Mutanen daji ba su manta da shi ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

"Inna, don Allah," in ji shi, yana kaɗe kafaɗar kwat, "wanga biro ne, ba kara ba."

Da ya isa ya tarar da masu jira su biyar a kan benci. Bai zauna ba, don kada wando ya karye. Kusa da shi akwai wata yarinya daga Sabon Maci, Nuriyya, da takardar birebe kaɗai, ta ƙaramar sakandare, a cikin leda. Ya dube ta da tausayi, ya ba ta shawara kyauta cewa in ta shiga ta rage maganar ƙauye. Ta ce ta gode, Mushe.

Ya zaci ɗaki mai sanyi za a shigar da shi. Sai aka kai shi rumfa a bayan biro. Mutum uku ne a zaune: Madam Zalika shugabar furoje, da likitan dabbobi, da wani dattijo Buzu mai suna Intalla, wakilin makiyayan Azagor, ya rufe baki da rawani. A jikin dirkar rumfar kuma an ɗaure wata jar akuya tana tuƙa.

Ekselans bai jira tambaya ba. Ya cire tabarau, ya ciji ƙafar tabarau ɗin, ya saki Faransanci. Ya yi bayanin ci gaba mai ɗorewa, ya bi ta kan matsalolin Afirka, ya taɓo na duniya. Akuya ce kaɗai ta saurare shi har ƙarshe.

"Mun gode, Mushe," in ji Madam Zalika. "Ga akuya nan. Mai ita ya ce shekararta biyu, lahiyarta lau. Duba muna. Ka saya wa furoje ko ka bari?"

A nan ne abin takaicin yake, kuma ni har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Kallo ɗaya ya yi mata ya gane. Ya ga zoben ƙahonta, ya ga gashin ya tashi babu sheƙi, ya ga ɗan kumburin da ke ƙarƙashin haɓarta. Tsohuwa ce, kuma tsutsa ta cinye ta, ba za ta kai kaka ba. Jinin Mamani ya motsa, hannunsa har ya soma miƙewa wajen bakinta. Sai idonsa ya faɗa kan hannun kwat.

Ya mayar da hannun aljihu.

"Madam, da dukkan girmamawa," ya ce, "ni mutumin tsari ne. Akwai masu tunani, akwai masu taɓawa. Ni tunda nike ban taɓa riƙe akuya ba. Amma in an ɗauke ni, sai a samo wani ƙaramin ma'aikaci shi riƙa dubawa shina kawo mini rahoto."

Likitan dabbobi ya sunkuyar da kai yana rubutun da ba na komai ba. Sai Intalla ya sassauta rawaninsa, ya daɗe yana kallon fuskar saurayin.

"Yaro," ya ce, "an karanta mini takardarka, na ji sunan Mamani. Mamani na kara? Dillali? Shekara ashirin gidanshi nike sauka. Shina da wani ɗa mai ido, tun shina ƙarami ba a ɓoye mishi tsohuwar dabba."

Ƙofa ce aka buɗe masa har bango. Amma girman kai rawanin tsiya, kuma an yi kwana uku ana shirya amsar nan, ba za a bar ta ta lalace ba.

"A'a, Baba, suna ne ya zo ɗaya. Ni mahaihina operater ekonomik ne."

"To," in ji Intalla. "Allah shi jiƙan wancan." Ya ja rawaninsa ya rufe baki.

Nuriyya ce ta shiga bayansa. Ta ɗaura zane da kyau, ta matse akuyar tsakanin gwiwoyinta, ta buɗe bakin, ta ja fatar ido ta duba, ta ce ko kyauta aka ba su kada su karɓa. Ita aka ɗauka.

Da yamma Ekselans ya bayyana wa fada cewa shi ne ya ƙi. Wurin ba shi da tsari, in ji shi, mutanen ba su kai matsayin da za su fahimce shi ba, kuma dama Yamai na nemansa. A gida ya ce wa Inna an ce za a kira shi. Ta ce Allah ya sa, ta je ta kwanto awakinta daga gidan maƙwabta.

Ranar kasuwa da hantsi aka yi sallama a ƙofar gida. Intalla ne, da ƙullin cuku a hannu, ya zo gaishe da iyalin tsohon mai masaukinsa. Ekselans na jin muryar ya faɗa ɗaki ya saki labule. Inna Aisata na tsakar gida a bakin turmi, ta shimfiɗa wa baƙo tabarma, aka gaisa, aka yi wa marigayi addu'a.

"Aisata," in ji dattijon, "wani abu ya ɗaure mini kai. Da munka ga sunan Mamani cikin masu neman aikin ga, ni na ce wa Madam in ɗanshi ne a ba shi, na tsaya mishi. Sai wani yaro ya zo cikin baƙar riga, kamarsu ɗaya da marigayi har hanci. Ya ce bai taɓa riƙe akuya ba, ya ce kuma Mamani dillali ba ubanshi ba ne. Shi ne na ce bari in tambaya. Ashe Mamani bai bar ɗa namiji ba?"

Inna Aisata ta dubi ƙofar ɗakin, inda ƙarƙashin labule ake hango takalma biyu sun sha mai suna ƙyalli. Ta daɗe tana kallonsu.

"Ya bari," ta ce. "Yamai ya tahi karatu. Har yau bai dawo ba."

Sannan ta ɗaga taɓarya da hannun nan na dama, ta ci gaba da juya tunkuza.