Wat Ɗari Huɗu da Goma na Farfesan Feda

Duk wanda ya taɓa ganin Farfesan Feda a kan kekensa ya san ba kullum ake haihuwar irinsa ba. Hular kwanonsa uku, tabarau huɗu, rigunan tsere bakwai, kowace rana da tata, kuma kowace tana rungume da tumbinsa cikin ladabi da juriya. A ranakun aiki shi ne mai kula da sito a wani kamfanin kujeru, amma wannan ɓoye kai ne irin na manya. Asalin aikinsa shi ne shugabancin ƙungiyar tseren keke ta unguwa, muƙamin da ya riƙe shekara shida ba hamayya, saboda a garejinsa ake ajiye famfon ƙungiya.

Farfesancin kuwa ya same shi ne wata goma sha ɗaya da suka wuce, ranar da ya ɗaura wa kekensa mitar ƙarfi. 'Yar na'ura ce da ba ta kai akwatin ashana ba. Ana maƙala ta a ƙarfen feda, ta auna ƙarfin da ƙafa ke takawa, ta aika lambar zuwa wani ɗan allo a gaban matuƙi. Ma'aunin sunansa wat, irin dai na ƙwan lantarki. Matuƙi mai kyau yakan riƙe ɗari biyu da hamsin na tsawon minti ashirin. Gwani ya haura ɗari uku. Farfesa kuwa, tun ranar farko, ɗari huɗu da goma.

Gaskiya ne cewa a atisayen ranar Lahadi shi ke zuwa na ƙarshe. Lahadi arba'in da huɗu, na ƙarshe sau arba'in da huɗu. Amma wannan tawali'u ne, kuma zai yi bayaninsa da kansa nan gaba kaɗan.

Sai ga gasar kilomita casa'in ta ƙarato, saura mako biyu, kowace ƙungiya za ta tura mutum huɗu. A da, hanyar zaɓen mai sauƙi ce. A yi tsere zuwa tankin ruwa da ke kan tudu, huɗun farko su tafi. Bana Farfesa ya ce zamanin jahilci ya wuce, za a yi taron bita a kan horo da tsere da mitar ƙarfi, a nan za a fitar da sunaye.

Wanda maganar ta fi tsaya wa a rai shi ne Mai Burodi. Kullum da sassafe yakan ɗora kwandon burodi tamanin da huɗu a bayan kekensa, ya zagaya shaguna talatin da ɗaya kafin ƙarfe takwas. Asabar bakwai a jere ya yi aiki a madadin abokin aikinsa, don kawai ya samu hutun Asabar ɗin gasa. Ƙafa yana da ita. Mita ce ba shi da ita.

An yi taron a ɗakin taro na bayan ɗakin karatu, da ƙarfe goma na safe. Kujeru arba'in, mutane ashirin da uku, fanka biyu, ɗaya ke juyawa. Uwargidan Farfesa ce ke kula da majigi, wanda ƙafarsa ɗaya ta gajarce, ta tokare shi da wani ɗan littafi. Shafukan laccar tamanin da shida ne. Hamsin da ɗaya hoton Farfesa ne a kan keke: ƙirji a gaba, haɓa a sama, ƙafar dama danne a kan feda. Ya shigo cikin rigar ranar Asabar da farin safar hannu, takalmin tsere yana ƙwas-ƙwas a kan siminti.

"'Yan'uwa matuƙa," ya fara, "kafin zuwan mita, me kuke yi? Karkaɗa ƙafa kawai. Iska tana yaudara. Tudu yana yaudara. Idon mutum ma yana yaudara. Lamba ce kaɗai ba ta jin kunyar kowa."

Ya yi bayanin matakan ƙarfi guda bakwai, daga tuƙin hira zuwa tuƙin fitar rai. Ya kira sunan kowane da baƙar murya, yana rufe ido kamar mai jin ɗanɗanonsa. Kalmar "a kimiyyance" ta fito daga bakinsa sau talatin da tara.

"Da kuke ganina a baya ranar Lahadi, kuna tsammanin gajiya ce? A mataki na biyu nake. Da zan shiga na biyar, sai an riƙa canza mini sarƙa duk mako. Tausayin keken nake ji."

A shafi na goma sha biyu doka ta bayyana, da sa hannunsa da hatimi: duk wanda bai riƙe wat ɗari biyu da hamsin na minti ashirin ba, ba ya cikin gasa, zai tsaya bakin hanya ya miƙa wa matuƙa ruwa. Wanda ba shi da mita, ba shi da lamba. Shafi na goma sha uku layi ɗaya ne tak: wannan doka ba ta karɓar ƙorafi. Masu mita a ƙungiyar kuwa, ikon Allah, huɗu ne cif: likitan haƙori, malamin lissafi, wani tela, da shi Farfesa.

Mai Burodi ya ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, ni fa duk Lahadi ni ke fara isa tankin nan. Har takalmi nake cirewa in sha iska kafin ka iso."

"Da wat nawa ka isa?"

"Wallahi ban sani ba."

"To ka gani. Ba isa ka yi ba, tsintar kanka ka yi a wurin. A kimiyyance, ba ka ma tashi daga gida ba. Riƙon ruwa ma hidima ce, ɗan'uwa, kada ka raina."

Mai Burodi ya zauna, ya zuba wa gwiwoyinsa ido. Asabar bakwai ke nan sun tafi a banza.

Bayan awa ɗaya da minti hamsin, aka zo wurin da kowa ke jira, wato gwaji a gaban jama'a. An ɗora keken Farfesa a kan ƙarfen atisaye, wanda ke riƙe tayar baya a tuƙa a wuri ɗaya, aka haɗa mitar da majigi don lambar ta fito a bango da girman ƙofa.

"Kafin a fara," in ji shi, "sai an daidaita sifili. Ana danna wannan maɓallin, mita ta san inda babu yake, sannan ta san inda akwai ya fara. Ku lura da kyau, ba kullum za ku ga ana yi daidai ba."

Ya hau sirdi, ya turo ƙirji, ya ɗaga haɓa, ya danne feda da ƙafar dama iya nauyinsa, kamar yadda ya saba tsayawa a hoto. Ya jira uwargida ta ɗauka. Sannan ya danna maɓallin.

Ya fara tuƙi. Bango ya nuna ɗari huɗu da biyar, ɗari huɗu da goma, ɗari huɗu da sha biyar. Mutum huɗu suka tafa. Farfesa ya saki hannu ɗaya don ya amsa gaisuwar masoya, ɗayan hannun ya bugi giyar keken, sarƙa ta zame ta faɗi ƙacal.

Mai farin safar hannu ba ya taɓa sarƙa. Aka kira Baba Mai Faci, wanda ya shekara arba'in yana gyaran kekuna a bakin titi, ya kuma zo taron ne don an ce akwai fanka. Baba ya durƙusa, ya mayar da sarƙar, ya sassauta ƙarfen da ke danne tayar, sannan ya yi abin da kowane mai gyaran keke ke yi bayan ya sa sarƙa: ya kama feda da hannu ya wulwula don ya ji ko ta zauna.

Bango ya nuna ɗari biyu da talatin.

Likitan haƙori ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Baba, don Allah ƙara juyawa."

Baba ya ƙara. Ɗari biyu da talatin da ɗaya. Ɗari biyu da ashirin da takwas.

"Lafiya kuke kallona haka? Na ɓata wani abu ne?"

"Baba, saura wat ashirin hannunka ya shiga gasa!"

"Af! Ai na hagu ne ma, mai sanyin ƙashi. In kawo na daman?"

Babban mutum ba ya rasa amsa. Farfesa ya gyara murya.

"Wannan abu ne sananne. Ragowar ƙarfina ne da ya saura a cikin ƙarfen. Yadda ƙarfe ke riƙe zafi, haka yake riƙe wat. Ku ba shi minti biyar ya huce."

Aka ba shi minti shida. Baba ya sake wulwulawa, ƙarfin Farfesa bai huce ko da wat ɗaya ba. Baba ya duba hannunsa da ya yi baƙi da mai, ya nemi 'yar takardar gogewa. Uwargida ta zaro littafin da ke ƙarƙashin majigi ta miƙa masa, lambar ta sunkuya ta koma kan siminti. Baba ya buɗe zai yagi shafi, sai ya tsaya.

"Ni dai ban iya karanta wannan yaren ba. Amma wannan ba ƙafa ba ce a kan feda? Me ya sa aka yi mata jan kuros?"

Littafin mitar ne. Shafi na biyu. Hoto biyu ne kawai a ciki: keke a tsaye ba kowa a kai, da alamar daidai, ƙafa a kan feda, da jan kuros mai kauri.

"Ai tun ranar da ya fito daga kwali nake tokare abubuwa da shi," in ji uwargida. "Baban yara, kai ka ce ka wuce karanta irin wannan."

Malamin lissafi ya miƙe, fuskarsa tana annuri irin na wanda aka ba allo da alli a ranar hutu. Ya ce mitar ba ta yi ƙarya ba, ruɗa ta aka yi tun daga tushe. Wata goma sha ɗaya ana nuna mata sifili da kilo casa'in da shida na Farfesa a kanta, don haka kullum take yi wa Farfesa gyara ta wat ɗari biyu da talatin, kamar mai sayar da tumatir da ya ga tsohon abokin ciniki.

Aka sauke kowa, aka danna maɓallin keke yana tsaye shi kaɗai. Baba ya wulwula, majigi ya nuna wat huɗu. Baba ya ce an cuce shi, yanzun nan yana matashi.

Farfesa ya ce lokaci ya ƙure, saura shafi talatin da ɗaya. Jama'a suka ce sun yafe. Haka nan ya sake hawa. Ɗari da tamanin. Ɗari da saba'in da shida. Gumi ya fara ɗiga daga haɓar nan mai son sama. Ɗari da hamsin. A minti bakwai da daƙiƙa arba'in ya sauko yana haki, ya bayyana cewa fankar tana huro masa iska ta gaba, kuma a kimiyyance gwajin ya lalace. Fankar da ke kansa ita ce wadda ba ta juyawa.

"Ranka ya daɗe," in ji Mai Burodi a hankali, "tunda ga mita a kusa, ko zan ɗan ara in san ko na taɓa tashi daga gida?"

Likita ya ara masa takalmi, Baba ya ɗaga masa sirdi. Ya tuƙa minti ashirin cif, sau ɗaya kawai ya yi magana, a minti na sha huɗu, da ya tambaya ko za a ɗora masa kwando a baya, don keken ya yi masa sakayau. Ɗari biyu da casa'in da takwas. Mutum ashirin da biyu suka tafa, har da uwargida, wadda ta ajiye waya ta tafa da hannu biyu.

"Doka ai mutum ne ya rubuta ta," in ji Farfesa. "Shugaba yana da ikon duba yanayi."

Uwargida ta tokare majigi da hular kwano, ta mayar da shafi na goma sha uku, ta bar shi a bango.

Ranar gasa, an ga Farfesa a kilomita na arba'in da biyar cikin rigar ranar Asabar, da jakar gorunan ruwa takwas, biyu ga kowane matuƙi. Bai zauna haka nan ba. Ya tara 'yan kallo bakwai, ya juya wa titi baya, yana koya musu yadda ake miƙa gora a kimiyyance: kusurwar gwiwar hannu, tsayin kafaɗa, inda ido zai kalla. Yana kan mataki na huɗu cikin shida sai iska ta kaɗa rigarsa. Ya waiwaya, ya ga bayan matuƙa yana ƙanƙancewa.

Mai Burodi ya zo na uku cikin mutum sittin da huɗu, da ruwan da wani matuƙin wata ƙungiya ya sam masa a hanya. Kafin ya gama numfashi, Farfesa ya iso a bayan babur, ya rungume shi, ya shiga hoto, ya sanar da duk mai kunne cewa taron bitarsa ne ya gano wannan baiwa.

Baba Mai Faci ya karɓi jakar, ya ji ta da nauyi, ya buɗe ya ƙirga. Gora takwas, a cike, murfi bai motsa ba.

"Farfesa, nawa ka miƙa?"

Farfesa ya kalli sama.

"Sifili ke nan," in ji Baba, yana buɗe guda ya miƙa wa Mai Burodi. "To wannan lambar kam taka ce, ranka ya daɗe. Babu gyara a cikinta."