Jan tsumman Inna Hajo

Ba zan taɓa mantawa da bikin rufe lakwal, wato makarantar boko, na shekarar fari ba, ko da na so. Lokacin ina sabon malami a Madarumfa, ɗan birni daga Maraɗi, kai cike da littattafai, ina jin ni ma marubuci ne. Rumbuna sun zama fanko, tabki ya ja baya, amma ni damuwata labarin da zan karanta wa iyayen yara: wai mace da itace 'yan uwan juna ne, ita kaɗai ke jin ciwon daji a jikinta. (Ni da ban iya bambance kalgo da sabara ba.)

Don in ƙawata wurin na shiga daji neman ɗanyen ganye. Babu kore ko'ina sai wata bishiyar anza da aka ɗaura wa jan tsumma. Daɗi ya kama ni. Ga shaida, mata har ado suke yi wa itace! Na cusa wannan cikin labarin, sannan na sare rassan kaf, har da tsumman, na jera bayan teburina.

Ina tsakiyar karatu, ina kaɗa hannu, sai Inna Hajo ta taso. Mijinta ya tafi cin rani bai dawo ba, 'ya'ya uku take riƙe da su. Ta tsaya tana kallon rassan, sannan ta kira ni yadda ake kiran malamin lakwal.

"Mushe, tsumman ga nawa ne. Na ɗaura don a san tana da mai ita. Jira nike 'ya'yan su ƙosa in jiƙa ma ɗiyana su ci."

Ba wanda ya yi dariya, kuma wallahi da an yi da ya fi mini sauƙi. Ta shimfiɗa gyalenta ta fara tsinke 'yan ƙananan 'ya'yan da ba su kai ba, mata suka taso suna taya ta.

"Ci gaba, Mushe, muna ji," in ji ta.

Kuma na ci gaba! Suna durƙushe a gabana, ina karanta musu yadda mace ke hira da ganye.

Washegari na kai mata ɗan geron da nake da shi. Ta karɓa, har da godiya. Autarta ba ta ga lokacin kaka ba. Ban ce ni ne sanadi ba, ban kuma taɓa iya cewa ba ni ba ne.

Tun daga ranar, in na ga tsumma a jikin itace, ba na neman ma'anarsa. Tambaya nake yi na wane ne.